Karfasar da na ba 'yanci

Shekarar da aka samu mulkin kai, Baturen gona da nake yi wa akawu a Maƙarfi ya tafi gida, ya bar mini sandarsa ta fatsa. Ita ba a sa mata tana. Gashin zabo ake ɗaura wa ƙugiya, ya yi kama da ƙwaro. Na sha riƙe masa jaka a bakin ruwa, saboda haka a ganina na gama ƙwarewa.

Ranar da surukina ya zo daga Paki, na ce wa maiɗakina kada a yanka kaza, kifi za a ci.

A rafi na tarar da Baba Tanko, tsohon masunci. Na yi masa lacca kan kamun kifin zamani, sannan na wuni ina zabga wa ruwa bulala a banza.

Can ya ce, "Malam, ara mini in gwada."

Bai taɓa riƙe irinta ba. Ya tsaya yana lura da inda ƙwarin shinge ke faɗawa cikin ruwa, ya sauke gashin nan a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Nan take sai ga ƙatuwar karfasa!

Ya miƙo mini ita. Ni kuwa, don in nuna da sauran ilimi a wurina, na zare ƙugiyar na mayar da ita ruwa, yadda Bature yake yi.

Baba Tanko ya dubi rafi, ya dube ni. "Malam, ita ma 'yancin ka ba ta?"

Miyar kuka lami surukina ya sha. Har yau, in kifi ya yi tsalle a rafin nan, sai ka ji an ce, "A faɗa wa Malam, talakawansa na godiya."