Rasuwar Akwatin Tayin Opa Welly

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, iyalan Sumampouw na unguwar Tikala a Manado ke sanar da rasuwar akwatin tayinsu na wasan kartar nan da ake kira biriji, baƙi, mai tsaga a kusurwa ɗaya, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar da kogi ya shigo gida.

Marigayin ya girmi Reinal, jikan gidan. Ya yi ƙuruciyarsa a teburin gasa, dama da hannun kakan Reinal, Opa Welly, cikinsa cike da katunan tayi jere bi da bi, waɗanda ɗan wasa ke nunawa maimakon ya faɗi tayinsa da baki, da koren kati na "na wuce", da ja na "na ninka". Bai taɓa ɗaga murya ba. Tas, in an zaro kati. Ƙwas, in an rufe murfi. Iyakar maganarsa ke nan.

Babban aikinsa ya zo ne bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa Opa harshe da hannun dama, ya bar masa yatsu biyu masu motsi a hagu. Reinal ya bi kunnen kowane kati ya naɗe da salatif, har ya yi kaurin da yatsun za su kama. Daga nan marigayin ya zama bakin tsoho. Kullum bayan faten safe Reinal zai raba karta, su zauna gwajin tayi su biyu. In yaron ya zaro katin tayin zuciya huɗu alhali kartar hannunsa ba ta kai ba, tas, jan kati a gaban hancinsa. Ba a ninka wa abokin wasa, kuma Opa ya fi kowa sani. Zagi ne kawai.

Har Tante Meiske, 'yar Opa, ta san harshen. Ta ce, "Papi, ga magani." Koren kati. Ta ce, "Wuce mana, sarkin taurin kai. Sai mu gani in hawan jinin zai wuce."

Duk gwajin nan na gasar gari ne da za a yi a watan nan. Opa bai zauna a teburin gasa ba tun da ya faɗi. Om Boy, mai shirya gasar, ya ba da izinin Opa ya yi wasa da nasa akwatin. Ya ce wa Reinal, "Ka kawo min tsohon da akwatinsa. In ya lallasa ni kamar da, kifin ranar a kaina."

Jinyar marigayin ta fara da damina. Danshi ya shiga, katunan suka soma manne wa juna, tas ɗin ya koma dishi-dishi. Sai ambaliya. Reinal ya goya Opa zuwa benen coci, ruwa iya ƙugu. Hannu biyu gare shi. Akwatin yana kan tebur.

Da ruwa ya janye, aka tsinci marigayin a ƙarƙashin gado cike da laka, katunan sun zama dunƙule ɗaya. An shanya su a kan kwanon rufi. Tante Meiske ta bi su da dutsen guga. Lambobin sun tafi.

Om Boy ya aiko da sabo. Katunan roba ne masu santsi, salatif ba ya zama a jikinsu. Opa ya miƙa yatsu zai zaro zuciya ɗaya, rabin akwatin ya zube ƙasa. Reinal ya tsince. Opa ya sake gwadawa, suka sake zubewa. Reinal ya ce, "Opa, mu ƙara. Kartar hannun nan mai kyau ce." Tsohon ya juya fuska bango. Tun ranar bai kalli karta ba.

Marigayin ya rasu ya bar murfi ɗaya, da tebur mai kumburarriyar ƙafa, da jika wanda ya iya tayi amma ba shi da abokin wasa, da tsoho mai magana a ciki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gindin gwandar bayan gida, daidai lokacin da za a raba karta a zauren gasa. Reinal ya riga ya janye sunansu. Akwai kofi da soyayyar ayaba. Ana roƙon masu zaman makoki su bar kartarsu a gida, ko da yake a nan an saba bugawa a wajen makoki. An tambayi Opa ko zai so a fito da shi a kujera. Ba a san amsarsa ba.