Ragon da Na Ƙosar

Ni ne da laifi, ba ragon ba.

Ƙanwata Hadiza, mai karatun likitan dabbobi, ta kawo mini ragon bincikenta ajiya a gidana da ke Bungudu. Washegari za a sa shi cikin wata na'ura mai maganaɗisu, a ɗauki hoton bangon hanjinsa. Ta ce, "Yaya, kada ka ba shi komai sai na zo."

Na ce to, amma ban gane ba. Hanji ake son gani, kuma a bar shi fayau? Ni da nake kiwo tun ina yaro? Da ya fara kuka, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, rowar taka ta kai ga dabbar amana?" Nan take na dama wa ragon dusa da kanwa, na ƙara harawa.

Da safe ta ɗauke shi, ina ta jiran yabo. Da la'asar ta kira. "Yaya, dusa ta cika hoton. Layin da na daɗe ina jira ya wuce ni."

Har yau Likitan Dusa ake ce mini a gida. Bayan abin ya faru na je na same ta a Gusau na ce, "Hadiza, ki yafe mini. Har yanzu ban gane aikinku ba, amma ni na ɓata shi."