Gimbiyar Bwana Ogutu

Duk faɗin Kisumu babu wanda ya san kwamfutar hannu kamar Bwana Barnabas Ogutu. Ba ni na ce ba, daga bakinsa muka ji, kuma ya faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi ne Babban Daraktan Tabbatar da Inganci da Gamsuwar Abokan Hulɗa a kamfaninmu, kamfanin da dukanmu har da mai shara mu tara ne. Shi ya raɗa wa kansa muƙamin, shi ya kai aka buga a kati, sai muƙamin ya fi ƙarfin katin, aka ƙarasa rubuta shi a baya. Ya taɓa zuwa taron kwana biyu a Dubai shekara shida da suka wuce, har yau igiyar shaidar taron tana rataye a wuyansa. In ya ba da baya muna kiransa Dubai. In ya juyo, Bwana Darakta.

Aiki ɗaya ne ya riƙe mu a bana. Ƙungiyar masunta ta gaɓar Kopiyo ta ce mu yi mata manhajar da ake buɗewa ta intanet, ta maye gurbin tsohon littafin da suke rubuta shige da ficen kwalekwale. Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Mutum zai shiga tabki, magatakarda ya danna "Ya fita". In ya dawo, a danna "Ya dawo". Idan lokacin da aka ɗiba ya wuce ba a danna na biyun ba, manhajar da kanta za ta aika wa iyalansa saƙo cewa a fita nema. Tabkin nan yana cin mutane duk shekara, saboda haka masunta ba da wasa suka zo mana ba.

Bwana Ogutu ma ya ba da tasa gudummawar. Ya kafa doka cewa na'urar magatakarda kaɗai za ta iya dawo da mutum, don kada wani ya zauna a gida ya dawo da wanda bai dawo ba. Ya ce haka ake yi a Dubai. Gaskiya dokar tana da kyau, kuma duk muka yi mamaki.

Mai gwada manhajar ita ce Akoth, uwar 'ya'ya biyu, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana gyaran waya a wata rumfa a kasuwar Kibuye kafin ta zo wurinmu. An ɗauke ta gwajin wata shida, saura sati uku a ce mata ta zauna ko ta kama gabanta. Rumfar tuni ta saki, wani ya shiga. Rahoton gwaji kuwa sunanta ne zai hau kai. In manhaja ta yi kyau, aikin Darakta ne. In ta kunyata mu, ga sa hannun Akoth.

Mai kamfani, wanda ke zaune a Nairobi, ya yarda a sayi kwamfutar hannu ɗaya tak ta gwaji. Nan take Bwana Ogutu ya kafa kwamitin zaɓe. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, mu kuma aka ba mu damar halarta.

Dillalai suka aiko da biyu a duba. Ta farko faffaɗa ce, siririya, bayanta ruwan azurfa, tana sheƙi kamar sabon faranti. Muka sa mata suna Gimbiya. Ta biyu baƙa ce, ba yabo ba fallasa, ba wanda ya damu ya raɗa mata suna. Ta uku ba a gayyace ta ba. Akoth ce ta hau boda-boda, wato babur ɗin haya, da sassafe ta je Kopiyo ta aro ta a wurin Jaduong Owuor, tsohon magatakardan da ke riƙe da littafin gaɓa. Ƙarama ce, fuskarta ta tsage ta gefe, an cusa ta cikin ledar burodi an ɗaure da roba saboda ruwa da ɓawon kifi. Irinta huɗu wata ƙungiyar agaji ta raba wa masunta tun shekara bakwai, kuma da su za a buɗe manhajarmu. Ita ce Mai Leda.

Gwajin ya ɗauki yini biyu, kuma an yi shi bisa ilimi. Da farko Bwana Ogutu ya kashe kowace ya duba fuskarsa a gilashinta. Gimbiya ta nuna shi tsaf har da igiyar Dubai. Sai ya saƙala kowace a hammata ya fita, ya sake shigowa, mu kuma mu faɗi wadda ta fi sa mu ji kamar mu miƙe tsaye. Sai ya ajiye kowace a kan tebur ya saurari ƙarar da take yi. Ya zana jadawali a allo mai gida uku: kwarjini, santsi, da abin da ya kira makoma. A cikin yini biyun nan kwamiti bai buɗe manhajar ko sau ɗaya ba, don kada ta raba masa hankali.

Mai Leda ba ta samu shiga jadawali ba. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya kawar da hanci.

Akoth ta ce, "Bwana Darakta, ai da irin wannan za su yi aiki. A nemo mana irinta ko tsohuwa ce. Ɗazu na buɗe shafin a kai, ƙasansa ba ya fitowa."

Ya ajiye ta a hankali, ya goge yatsunsa da hankici, ya gyara tsayuwa. Mun san tsayuwar, sai kowa ya jawo shayinsa kusa.

"'Yar'uwa, zauna ki ƙaru. Ke kin fito daga gyaran waya, ni na fito daga Dubai. A can na ga na'urar da ake yi wa magana ta amsa da ladabi. Mu nan gobe muke ginawa, ke kuma kin kawo mini jiya a cikin ledar burodi. Manhajar da ta yi aiki a kan babba, ta yaya za ta gagara a kan ƙarama? In wando ya shigi uba, ɗa ne zai ce ya matse shi? Ingancin ƙasa da ƙasa ba ya warin kifin omena. Ki mayar wa dattijo da kayansa, ki gaishe shi."

Aka sayi Gimbiya da murya ɗaya, muryarsa.

Sati biyu Akoth tana gwaji a kanta, a ranakun da ta same ta ke nan, domin Gimbiya tana da harkoki da yawa. Ta je coci ranar Lahadi ta zauna a sahun gaba. Ta je ɗaurin aure a Ahero. Ta ci kifi a otal sau uku, a jingine da kwalbar ruwa inda kowa zai gan ta. A kanta manhajar ba ta da aibu ko ɗaya. Maɓallan biyu suna zaune ɗaya bisa ɗaya, "Ya fita" a sama, "Ya dawo" a ƙasa, gwanin sha'awa.

Akoth ta rubuta a rahoto cewa ba a gwada irin na'urar masunta ba. Ya soke layin da koren bironsa, ya ce rahoto ba wurin kuka ba ne. Ya tuna mata, cikin tausayawa, cewa shi zai rubuta wa Nairobi ko ta cancanci zama. Ranar na gan ta a bayan ofis ta tasa fanken mandazi a gaba ba ta ci ba, raina ya ɓaci, amma na wuce, don ni ma ina da 'ya'ya. Ta dawo ta sa hannu. A ƙarƙashin sunanta ta ƙara layi ɗaya da ƙananan haruffa. Bwana Ogutu ba ya karanta ƙananan rubutu, yana ganin aikin ƙananan ma'aikata ne.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa a bakin ruwa da hantsi. Masunta suka zo, matansu masu shanya omena suka zo, shugabar ƙungiya Min Opiyo ta zauna a tsakiya da kwafin rahotonmu a cinya. Ita ta rasa ƙaninta a tabkin nan shekara uku da suka wuce, kwana biyu ba wanda ya lura bai dawo ba. Bwana Ogutu ya yi jawabin minti arba'in, Dubai ta fito sau tara. Sannan ya sanar da cewa shi da kansa zai zama mutum na farko da manhajar za ta rubuta, don tarihi ya san inda zai fara.

Ya ba da lambar matarsa a matsayin wadda za a sanar. Ya ga lamba ɗaya ta yi wa mutum irinsa kaɗan, sai ya ƙara ta mai kamfani. Aka ɗiba masa rabin awa. Jaduong Owuor ya ɗaga Mai Leda, ya danna "Ya fita" ta cikin ledar, ta karɓa. Aka yi tafi. Kwalekwale ya tashi da Darakta a tsaye, ya ɗaga Gimbiya sama ana ɗaukar hoto. Bai yi nisa ba ya zauna. Can kuma muka hango ya sunkuya yana gaisawa da ruwa, amai ya ci ƙarfinsa.

Bayan minti ashirin aka sauke shi, wando jiƙe har gwiwa. Ya tattara abin da ya rage na kwarjininsa ya ce, "Jaduong, dawo da ni."

Tsoho ya duba. Ya matso da na'urar kusa da hanci, ya nesanta ta. Ya ja shafin sama da yatsa, shafin ya ƙi motsi. Fuskar na'urar ƙarama ce, burauzar da ke buɗe shafin ta tsufa, shi kuma tun tuni jikarsa ta ƙara masa girman haruffa saboda idonsa. "Ya fita" ya cika fuskar dam. "Ya dawo" yana can ƙasa inda yatsa ba ya kai wa.

"Ɗana, nan fita kawai ake yi. Ba a dawowa."

Wani masunci daga baya ya ce, "To ai tabkin ma haka yake yi mana, me aka ƙara?"

Bwana Ogutu ya buɗe Gimbiya, ga maɓallin nan ɓaro-ɓaro. Ya danna. Ta sanar da shi cikin ladabi cewa na'urar magatakarda kaɗai ke da wannan izini. Ya sake dannawa, ta sake faɗa masa. Dokar tana aiki yadda ya kamata.

Sai ya juya ya nuna Akoth. "Jama'a, a yi mana afuwa. Mai gwaji ce sabuwa, daga kasuwa muka ɗauko ta. Ga sa hannunta nan a rahoto."

Min Opiyo ta buɗe shafin ƙarshe. Ita mai tsintar tsakuwa a cikin omena ce, ƙananan abubuwa ba sa wuce ta. Ta karanta da ƙarfi: "An gwada a kan kwamfutar Darakta kaɗai, bisa umarninsa." Ta dube shi, ta dubi Gimbiya. Ta karɓi Mai Leda daga hannun tsoho ta miƙa wa Akoth.

"'Yata, kwana nawa?"

"Uku, Mama. In an bar mini ita."

"An bar miki. Ke za ki kawo, ke za ki nuna mana, in ba ke ba kada kowa ya zo. Kafin nan mu koma littafi."

Akoth ta rungume ledar burodin nan a ƙirji. Daidai nan rabin awa ta cika, kuma wannan ɓangaren na manhajar ba shi da matsala ko kaɗan. Saƙo ya tafi cewa Barnabas Ogutu ya shiga tabki bai dawo ba, a gaggauta nema.

Ya tsaya a kan yashi, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya ce kowa ya yi shiru, yanzu za a ga yadda gari zai ruɗe. Muka yi shiru. Matarsa ba ta kira ba, daga baya muka ji tana wurin kitso. Minti shida sai wayar Akoth ta yi ƙara, saƙo daga mai kamfani a Nairobi. Min Opiyo ta ce a karanta kowa ya ji.

Akoth ta karanta: "Subhana. Da sabuwar kwamfutar ya shiga?"