Rasuwar Indo, Motar da Ta Je Shan Iska Ta Sha Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Alhaji Jibirilu direba na unguwar Nima yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin tashar Tudu, da duk fasinjan da ya taɓa gyangyaɗi a kujerar baya, rasuwar motarsa Indo, Fijo 504 mai dogon baya. Ta cika ranar Talata da hantsi a gangaren Maamobi, cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, tana da shekara goma sha bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwananta ne ya ƙare, Allah ya saka musu da wannan kara. Gaskiyar magana yanka ta aka yi, kuma mai sanarwar nan shi ya riƙe ƙafa. Sanarwa ce ga kowa, amma akwai kunne ɗaya da ake so ta shiga, kunnen Mahama makaniki, wanda rabonsa da magana da Alhaji yau wata huɗu.

Marigayiya ta shigo gidan Alhaji a shekarar 1977, fara ƙal. Tun ranar farko aka kai ta rumfar Mahama da ke bakin hanyar Maamobi. A nan Ankara ta ƙasar Gana makaniki fita ake ce masa, kuma Mahama fita shi ne ya raɗa mata suna. Ya kasa kunne ga injinta, ya ce wannan halin yayarsa Indo gare ta, ta yi aiki ba ƙorafi. Sunan ya bi ta har kabari.

Ta yi hanyar Aflao da Lome har ramukan titin sun san tayarta. A shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas, ta ɗauko rai goma sha ɗaya daga bakin iyaka, da katifunsu da rediyoyinsu, ba ta ko yi nishi ba. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki huhun goro a lokacin da fasinja ya yi wuya. Da safe murɗa ɗaya ake yi mata, ta ce "cir-cir-rum," shi ke nan ta tashi. In tana tsaye a tasha, muryarta "tik-tik-tik" ce ƙasa-ƙasa kamar keken ɗinki, har mutum ya jingina da ita ya yi hira bai ɗaga murya ba. Ba a taɓa tura ta ba. Alhaji ya sha rantsuwa a kan wannan, kuma a wancan lokacin rantsuwarsa gaskiya ce.

Sirrin lafiyarta wata baƙar tukunya ce a ƙarƙashin bonet, a sama, kusa da kan inji. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. A gindinta akwai baƙin mai, iska takan bi ta kansa, ƙura ta maƙale a nan, inji ya shaƙi mai tsabta. Duk farkon wata Mahama zai kwance ta, ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai. Alhaji kuwa yana kan benci da kwanon wakye, wato shinkafa da wake, ya ci rabi ya ajiye wa Mahama rabi. Shekara talatin ke nan da abotarsu, tun kafin Indo, sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa.

Ciwon ajali ya shigo ne cikin akwatin Hudu, ɗan ƙanwar Alhaji. Hudu boga ne, wato irin samarin da suka je Hambug ta Jamani suka dawo da sarƙa a wuya da tafiya kamar ƙasa tana ƙona su. Shekara uku ya yi can. Shi yana cewa a kamfanin motoci ya yi aiki, waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya da shi suna cewa kwanuka ya wanke. Abin da ya kawo wa kawunsa tsaraba wani bututu ne mai walƙiya, tsawon hannu, da jar matata a bakinsa mai kama da hular wasan yara.

"Kawu, mota naka yana sofa, yana shan wahala," in ji Hudu. "Iska mai zafi yake sha cikin bonet, shi ya sa ba shi da pawa. A Jamani kowa irin bututu nan yake sa, kol-eya. Ka cire tsoho tukunya nan, bututu ya sauka ƙasa bayan bamba, ya ja iska mai sanyi. Wallahi Kawu, Lome wan awa."

Iska mai sanyi. A Ankara, da tsakar rana, taƙi ɗaya daga kwalta, a bayan salansar tirotiro, wato motar haya ta cikin gari. Duk mai hankali da ya taɓa sunkuyawa ɗaurin takalmi a tashar Tudu ya san irin iskar da ke can ƙasa. Alhaji ma ya sani. Sai dai akwai abin da ke cin ransa: sababbin bas-bas sun shigo hanya, yaran direbobi suna wuce shi a titin Tema suna danna masa oda, kuma wata fasinja ta taɓa kiran Indo "aberewa," wato tsohuwa, a gaban mutane. Mutum mai shekara sittin da biyu, mai jikoki tara, ya ji yana so a ji shi a hanya. Ya yi wa rogo kallon kitse, ya ɗauki bututu ya nufi rumfar Mahama, Hudu yana biye.

Direbobi shida ne zaune a rumfar ranar. Mahama ya juya bututun, ya leƙa cikinsa, ya miƙa wa mai shi.

"Alaji, duba jaki, duba raƙumi, duba kanka," ya ce. "Wane dabba Allah ya sa ma hanci a ƙafa? Wanda ya yi mota nan ba wawa ba ne. Damina yana zuwa. Ni hannu nawa ba ya sa wannan."

Da Alhaji ya tsaya nan, da yau ba a rubuta takardar nan ba. Amma Hudu ya yi wata 'yar dariya ta hanci, direbobi suka zuba ido, sai girman kai ya hau dattijo.

"Mahama, ka tsufa," in ji Alhaji. "Kai fita ne na zamanin Gwal Kos, tun mulkin Turawa. Ɗauki tukunya naka ka je ka dama koko ciki."

Aka yi dariya. Hudu ya ari sifana a rumfar mutumin da aka gama zagi, ya kwance tukunyar ya yar a ƙasa, ya cusa bututunsa ya ɗaure da waya. Mahama ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki tukunyar, ya goge mata ƙasa da hannun rigarsa, ya shige ciki. Ranar Juma'a ya koma ƙarshen sahu. Addini ya ba 'yan'uwa kwana uku su shirya, su kuwa sun ci wata huɗu, kuma kowa a Nima ya san wanda ya kamata ya fara taka ƙafa.

A makon farko Alhaji ya ga kamar ya ci riba. Indo mai "tik-tik-tik" ta koma "guuuum," in ya taka totur har awakin unguwar Kanda sai sun watse. Ya rantse gudunta ya ƙaru. Agogonsa bai yarda ba, don tafiyar Aflao tana nan yadda take, amma ya ce agogon ne ya lalace. Abin da ya ƙaru shi ne shan mai, saboda dattijo ya koyi taka totur ba gaira ba dalili don kawai ya ji rurin. Fasinjoji suka daina barci. Hajiya Awabu, uwargidansa, ta ce tun daga kwanar masallaci take jin dawowarsa, kuma ba ta faɗi haka don yabo ba.

A wata na biyu tari ya fara. Da safe sai "cir-cir-cir-cir," sau biyar, sau shida, kafin ta tashi tana karkarwa. A cunkoso ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa, in an ɗaga ƙafa ta mutu. Jar matatar nan da aka ce ta fi tukunya ta toshe da ƙurar kasuwar Agbogbloshie cikin kwana goma, wayar ɗaurin ta saki, yashi ya samu ƙofa har cikin kafireta. Hudu ya ce mota tana sabawa ne. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ce man Gana ne ba shi da kyau. Wata Asabar a Tudu, gaban waɗancan yaran masu bas, aka tura Indo karo na farko a rayuwarta. Alhaji yana riƙe da sitiyari yana kallon gaba kamar ba shi ake turawa ba. A ransa ya san inda magani yake, tafiyar minti goma daga gidansa. Sau biyu ya kama hanyar, sau biyu ya karya kwana ya bi ta bayan kasuwa.

Ranar Talata aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi ya tsagaita, Alhaji ya fito zai je tasha. A gangaren Maamobi gwata, wato magudanar ruwa, ta cika ta kwanta a titi, kamar yadda take yi kowace damina. Indo ta ratsa wannan ruwan shekara goma sha bakwai, wani lokacin har yana lasar ƙofa, hancinta a sama, ba ta ko yi atishawa ba. Alhaji ya sa giya ta biyu ya shiga kamar kullum. Ya manta cewa ya mayar mata da hanci idon sawu.

Ta ce "guuu," ta ce "gulub," sannan wani "ƙwas" ya fito daga cikinta, irin ƙarar da ba a jin ta sau biyu a inji ɗaya. Inji yana matse iska, amma ruwa ba ya matsuwa. Ƙarfen fistin ya lanƙwashe ya huda gefen inji ya leƙo waje, baƙin mai ya bazu a kan ruwan gwata. An ce za a ba ta iska mai sanyi, kuma a ƙarshe dai ta sami sanyin, cikin cikinta. Wata tsohuwar tirotiro mai ƙofa ɗaure da igiya ta ratsa ta gefenta lafiya lau ta wuce.

Marigayiya ta bar tayu huɗu masu sauran kwana da safaya ɗaya sanƙo. Ta bar batir da rediyo mai kama tasha biyu, da carbi a jikin madubi. Ta bar Hajiya Awabu, wadda ta ce "Allah ya ba da haƙuri" sau ɗaya, tun daga nan kallo kawai take yi, kuma Alhaji ya ce gara zagi. Ta bar Hudu, wanda ya bayyana cewa a Jamani ruwa ba ya tsayawa a titi, sannan ya tuna yana da wani uzuri a Kumasi. Ana roƙon jama'ar Kumasi masu mota su kulle bonet.

Ta kuma bar tukunyarta. Da aka fito da ita daga ruwa, ba wata hanyar turo ta gida sai ta gaban rumfar Mahama. Alhaji yana tafe a gefe, wando a naɗe, hannu ɗaya a kan sitiyari ta taga, kansa a ƙasa. Mahama ya miƙe tsaye. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa ba, ya dafa bonet da tafin hannu ya bari ta zame ta wuce. Da Alhaji ya saci kallon cikin rumfar, sai ga tukunyar a kan kantar ajiye kaya, an rufe ta da tsumma mai tsabta, gefenta yana sheƙi. Maƙwabcin rumfar ya shaida cewa duk farkon wata sai Mahama ya sauko da ita, ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai, ya mayar. Sau huɗu ke nan. Alhaji bai yi kuka a cikin ruwa ba, amma da ya ji wannan sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gawa tana ƙofar gidan Alhaji a Nima, an lulluɓe ta da tamfol. Ba za a yi mata salla ba, don liman ya ce kada a kawo masa wasa. Bututun kuwa ba za a binne shi tare da ita ba. Hajiya Awabu ta karɓe shi ta kafa a bakin rufin kicin yana zuba ruwan sama cikin duro, tunda ya nuna jan ruwa ne sana'arsa, kuma a nan ba a kama shi da laifi ba tukuna.

Za a taru ranar Juma'a bayan la'asar. Ana gayyatar kowa, amma direbobi shidan da suka yi dariya a rumfar Maamobi zuwansu dole ne, saboda akwai maganar da Alhaji ya faɗa a gabansu, kuma a gabansu zai janye ta. Masu sayen tsohon ƙarfe na Agbogbloshie da suka fara shawagi su haƙura. Ba wanda zai sa wa Indo sifana, ko don wanka ko don rabon gado, sai wanda ya raɗa mata suna. In ya duba ya ce a sa mata wani inji, to. In ya ce a kwance ta, shi ma to. In ya ga dama ya zo da tukunyar, in ya ga dama ya bar ta a gida.

An fitar da benci, an sa a dafa wakye kwano ɗaya. Alhaji zai ci rabi. Idan magariba ta yi Mahama bai zo ba, za a rufe sauran, a ɗaga jana'iza zuwa wata Juma'ar, kuma Alhaji ya ce wannan karon shi zai ɗauki kwanon da hannunsa, a ƙasa, ta babban titi, har rumfar Mahama.