Rasuwar Shuɗi, Durom ɗin Bakin Lungu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da duk kuka sani, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar durom ɗin shararmu, wanda aka fi sani da Shuɗi. Ya cika ranar Talatar da ta wuce da sassafe, a bakin lungu, a tsaye, yana fuskantar titi, bayan jinyar mako tara. Ya yi shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayin ya zo gidan nan ne ɗaure a bayan keken maigidana, Allah ya jiƙansa, daga masana'antar da yake gadi. Shi ya fasa masa baki, ya kai wa mai walda ya yi masa murfi da hannaye biyu, ya shafe shi da shuɗin fenti. Lungunmu ba ya cin mota. Ko mutum biyu ne suka haɗu da kaya a ka, sai ɗaya ya manne da bango. Saboda haka kowace Talata maigidan yakan karkata durom ɗin ya mirgina shi a kan gindinsa, gurrr, gurrr, ya tsaya a dakalin tela ya maida numfashi, ya ci gaba har bakin titi. Daga nan sai ka ji ƙwal, murfi ya zauna. Kafin a gama shan shayi motar shara ta zo ta juye shi ta wuce. Da maigidan ya rasu ba a samu mai mirginawa ba, sai aka bar Shuɗi a bakin lungu dindindin, gida goma sha ɗaya suna kai masa.

Ba a taɓa jin ya mayar da kowa ba. Ya karɓi ƙyallayen tela da gashin mai aski. Ya karɓi takardar sakamakon makaranta da aka yayyaga kafin uba ya dawo, da girkin da ya ƙone aka ce kyanwa ce ta ɓarar. Sirrin lungun nan kaf ya bi ta cikinsa, bai taɓa buɗe baki ba sai an buɗe shi.

Game da ciwon ajalinsa, an yi maganganu da yawa. Mai aski ya ce motar ce ta lalace. Tela ya ce ƙarya ne, ai ga ta nan tana wucewa ta gabanmu duk Talata, ko rage gudu ba ta yi. Mun rubuta wa ofishin kwashe shara sau biyu, ni ce ma na fara sa hannu, aka amsa mana cewa a takardarsu ana kwashe mana kowane mako. A mako na biyu murfi ya daina rufuwa. A na uku ledoji suka zagaye shi kamar 'yan dubiya. Sai aka yi ruwa kwana uku a jere, baƙin ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasansa yana bin lungu har ƙofofinmu. Ƙudaje suka tare, ɓeraye suka daina jin kunyar rana. A mako na bakwai ƙaramar 'yar maƙwabciyata, wadda take wasa a ƙofar gidansu, ta kwanta da amai da gudawa, ta yi kwana biyar a asibiti. Ta tashi, amma har yau idanunta a zurme suke.

Ba zan rufe wannan sanarwa a kan ƙarya ba. Wata Lahadi, kafin motar ta daina tsayawa, na shafa wa ƙofar gidana koren fenti, ya rage rabin gwangwani. Na dubi Shuɗi na ga ya kwaile, duk ya yi dabbare-dabbare, sai na ji kunya a madadin maigidan. Na wanke shi da hannuna na shafe shi kore tas. Kowa ya yaba. Muka ci gaba da kiransa Shuɗi, kuma ba wanda ya haɗa wannan da rashin tsayawar mota, har da ni.

Litinin ɗin da zai cika washegari, na tsaya ina mita wurin matar da take sharar babban titi. Ita ta gaya mini cewa direbobin motar ba sa bin takarda. Tsoho ne yake faɗa wa sabo alamu da baki: shagon taya, bishiyar da ta karkace, lungun shuɗin durom. An kawo sabon direba, ya nemi shuɗi bai gani ba. Koren durom kuwa a wurinsu na wani kamfani ne mai motarsa daban, ko zai kai sama ba za su taɓa shi ba. Tana magana tana kallon tsibin sharar lungunmu.

Da yammar ranar na sayo shuɗin fenti. Washegari da sassafe na fita da burushi, na janye ledoji, na kama hannunsa ɗaya don in ɗan juya shi. Tsatsa ta riga ta gama da shi. Gindin ya rabu da jiki, ya yi fuuu a hankali, duk abin da ya riƙe mana mako tara ya zubo mini a ƙafa. Ina tsugune a wurin motar ta zo ta wuce.

Tun daga ranar, kullum gari ya fara haske sai in ji gurrr, gurrr a lungu, ya bi ta ƙarƙashin tagata. Yakan tsaya daidai dakalin tela, tsawon numfashi uku, sannan ya ci gaba. Na san tafiyar waye. Ina kwance ina jiran ƙwal, amma ba ya zuwa. In na leƙa, ba kowa sai ledoji. Tsoro nake ji, kuma na fi tsoron ranar da zan daina ji.

Marigayin ya bar murfinsa, wanda ke jingine a ɗakina, da tsibin shara da ya fi mai aski tsawo, da gida goma sha ɗaya da ba su da inda za su kai. Ya bar gwangwanin shuɗin fenti da ba a buɗe ba. Ya kuma bar ni, wadda maƙwabciyata take shigowa kullum ta gaishe ni ta ce Mama ya haƙuri, ni kuma ina kallon ƙasa. Maƙwabciyata, 'yata, yanzu kin ji. Ki yafe mini in za ki iya.

Za a yi masa rakiya ranar Talata mai zuwa da ƙarfe shida na safe. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya ƙwanƙwasa shi ya ce babu abin ɗauka, saboda haka ba mai kai shi makwancinsa sai motar da ya mutu yana jira. Ba a buƙatar tabarma ko kujera, babu wurin ajiyewa. A zo da ƙyallen toshe hanci. Ana roƙon duk mai zuwa, babba da yaro, ya sa shuɗin kaya. Za mu jeru a bakin lungu inda ya saba tsayawa, ko Allah zai sa direban ya gane mu.