Cindo da Mai Hoton Ƙananan Gidaje

A wani ƙauyen masunta da ke bakin teku, can gaba da Badagiri, akwai gidan Hausawa guda. Mai gidan mace ce, Gambo mai bandar kifi, sai ƙaninta Cindo, wanda ba a taɓa ba shi umarni ya rage ko ya ƙara ba. Wasu na kiran wannan biyayya. Dukiyar gidan kwalekwale ɗaya ne da Gambo ke ba masunta haya, su biya ta da kifi. In ya kwana a tudu, gidan ya kwana da yunwa.

Wata rana wani mai hoto, Lawandi, ya sauka a gidan. Sana'arsa ita ce ya hau wuri mai tsawo ya ɗauki hoton gari, sai gidaje su fito kamar kwalin ashana, mutane kamar 'yartsana, tsakiyar hoton tar, gefe-gefe dishi-dishi. An ce a birni ana son irin wannan. Ya ga kwalekwalen a kan yashi, ya ce, "Cindo, kada kowa ya taɓa shi sai na dawo." Ya tafi Legas neman batir, ya haɗu da abokai. Cindo ya tsaya da sanda, masunta suka yi roƙo har suka gaji. Makon nan garin rogo aka sha a gidan, da ruwa.

Wata rana Lawandi ya ce, "Samo min abin hawa mafi tsawo, ka jingina da bishiyar kwakwar can." Cindo ya auna tsanin masallaci, ya auna kwalekwale, kwalekwale ya fi. Ya jingina shi a tsaye. Iska ta zo ta yi nata aikin, katako ɗaya ya tsage.

Gambo ta ce, "Kai Cindo, uwata ce ta haife ka kuwa?"

"Haka aka gaya min, Yaya."

"To ka sake taɓa jirgin nan, ka ga yadda ake bandar mutum."

Wata rana, bayan an gyara jirgin, Lawandi ya nuna masa hoton ƙauyen. Cindo ya yi ta neman jirginsu, ya same shi a gefe kamar ɓawon gyaɗa a cikin hayaƙi.

"Malam, na Yaya bai fito ba."

"Duk abin da kake so ya fito sosai, ka sa shi a tsakiya."

Da yake an hana shi taɓawa, sai ya ɗaura igiya. Ya ja jirgin tun la'asar, ya bi da shi ta kan shanyar kifin mutane, ya ajiye a tsakiyar gari, daidai ƙofar mai unguwa. Gambo ta ce da safe za su yi magana.

Kafin safiya, teku ta tashi, ta kwashe duk abin da ke kan yashi. Gari ya waye da jirgi ɗaya tak. Masunta suka kewaye Gambo, kowa na cewa da ma ita 'yar uwarsa ce.

Ta ce, "Cindo, ƙanina na kaina, matsa su kai shi ruwa."

Ya gyara zama a gaban jirgin.

"Yaya, ai ba a ɗauki hoton ba tukuna."