Oga Tushe Ya Ƙara wa Kansa Girma

Duk wanda bai ga Oga Tushe yana aiki ba, bai ga ilimi ba. Injiniyoyin manhaja goma sha biyu ne a ofishin, amma shi kaɗai ke da allon kwamfuta uku, biyu a kashe. Sauran suna rubuta umarni ne kawai. Shi kuwa, Allah ya ƙara basira, can cikin hanjin manhajar da ke fassara wa kwamfuta umarnin yake wuni.

Gwanintarsa tuful ce, wato ƙullin bayanai da ba a sake taɓawa in an ƙulle shi. Ta can ƙasa akwai 'yar ƙofar da ake bi a cika sabon ƙulli, bisa sharaɗin babu mai riƙe da shi sai kai.

"Sharaɗi na yara ne," in ji shi, yana juyi a kujera. "Ku aka hana. Ni da tuful mun san juna."

Abu ɗaya ke ci masa rai. Allon da ke bakin ƙofa yana nuna shi "Injiniya, Mataki na Biyu", daidai da kowa, ga manyan baƙi za su zo ran Laraba. Ya nemi manaja ta gyara, ta ce ya jira ƙarshen shekara. Jira? Shi?

Ran Talata ya bi ta 'yar ƙofar nan, ya cusa "Babban Injiniya" a ƙullin muƙaminsa da allon bakin ƙofa ke karantawa, ko duba masu riƙe da shi bai yi ba. Ashe don tsimin wuri, ƙulli ɗaya tal manhajar ta ajiye wa duk masu mataki iri ɗaya.

Da safe ya iso cikin sabuwar kwat, ya tarar da Manyan Injiniyoyi goma sha biyu reras a allo, har da wadda ta kama aiki makon jiya.

"Barka da asuba, Babban Injiniya," ta ce.

"Kin san da wa kike magana?"

"Da tsarana, ranka ya daɗe."

Haushi ya turnuƙe shi. Ya zauna zai sauke su, ya ga ba dama: in sun sauka, da shi za su sauka. Ya yi gumi, ya yi tsaki. A kira shi ƙarami zai iya jurewa, amma a kira su manya?

Baƙi suna kan matakala, gwanin namu ya danna maɓalli, ya sauke kansa daga muƙamin da hannunsa.